Shuɗin Ɗigo

Da hantsi waya ta yi ƙara a aljihuna.
Wata madam a Kwara Kano tana son tulun gas,
ta ce, "Na turo maka wurin, ka bi shi kawai."
Na ɗaure tulu a bayan babur,
na ɗaure waya a gaba da tsohuwar roba.
Ga ni nan, ɗan ɗigo shuɗi,
ban kai ƙwayar dawa ba,
ina rarrafe a cikin wata Yamai
wadda ba rami, ba kwata, ba amalanken jaki.

Muryar cikin waya ta ce in yi dama.
Dama kuwa an kafa rumfar suna,
tabarmi har tsakiyar titi, ana rabon dabino.
Ita ba ta ji an haihu ba.

Shekarar da na zo daga Tawa
gwaggo Habsu ce taswirata:
"Ka wuce famfon Bukoki, ka bar mai tsire a hagunka,
ka nemi gawon da aka sare.
In ka ga inda ba ya nan, to ka iso."
Gida bakwai na yi wa sallama kafin nata.
Na sha ruwa a uku,
a na huɗu na tarar da Zali tana tankaɗe,
ta yi mini kwatancen da ya ƙara ɓatar da ni,
na dawo in yi ƙorafi, ta yi dariya.
Yau 'ya'yanmu biyu.

Yanzu Zali ma tana ganin ɗigona.
In na ce cunkoso ya riƙe ni bisa gada,
sai ta ce, "Yaushe gada ta koma fadar su Nomau?
Sha na biyu ka taso, ba gawayi a gida."
Ƙarya ta rasa inuwar da za ta fake.

A fadar ma kowa ya sunkuya.
Shayi na tafasa shi kaɗai.
Nomau ya buɗa yatsu biyu bisa gilashi,
Abijan ta buɗe kamar an fasa goro,
ya ce, "Ga rufin shagon ɗana,"
ya daɗe yana kallon kwano.

Ban nuna musu nawa ba.

Ƙanena Sahabi ya yi arewa bara da kaka.
Ya ce, "Ku dube ni a nan, ba sai na kira ba."
Muka bi shi da ido:
Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni,
ya kwana Tawa, ya ci tuwon tsohuwa,
Abalak, Agadas.
Bayan Agadas da kwana biyu ɗigon ya tsaya
a wani fili da ba suna, ba zane.
Wata tara ke nan.
Na buɗa yatsu, na sake buɗawa,
har hoton ya dagule,
ban ga ko sawun taya ba.

Kowace Juma'a tsohuwa takan hau tudun bayan gari,
nan kaɗai rezo ke kamawa,
ta ari wayar maƙwabci, ta ce, "Ya motsa?"
Nakan ce batir ne, Inna.
Nakan ce can wuta tsada gare ta.
Takan ce, "To, ka dai riƙa dubawa,"
in ji iska tana kaɗa mayafinta.

Na zagaya rumfar suna ta wani lungu,
wani yaro ya miƙo mini dabino biyu.
Muryar ta yi shiru, ta sake lissafi, ba ta yi fushi ba.
Ƙofa mai kore, fulawa bisa katanga.
Ta ce na iso.
Madam ta leƙo, tana ƙirga canji:
"Ka gane gidan ba wuya?"
Na ce, "Ba wuya, madam.
Yanzu ai ba a ɓata."